Tallafin Koyon Sana'a: Kada Marinar Kura ta Bushe

A da, rani ne lokacin saƙa da rini da bugu a Kura, garin da turkuɗinsa ya kai har Agadas, inda Buzaye ke naɗa shi rawani. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya malalo Kadawa da Bunkure, noman rani ya cinye wannan lokaci. Matashi ba shi da laifi in ya zaɓi shinkafa da tumatir, domin kuɗinsu ba ya jinkiri, alhali gwanintar rini sai an shekara ana ɓata zane.

A Ostareliya, hukumar Creative Australia tana ware tallafi ga masu fasaha 'yan asalin ƙasar. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta ɗauki darasi: a biya gwani ladan koyarwa, a ba mai koyo abin da zai maye masa kuɗin gona, a sayi abin da suka rina. Baje koli a Gidan Ɗan Hausa kaɗai ba ya haifar da marini. Karofin da ya cike ana iya sake haƙa shi, amma in gwani ya rasu bai koyar ba, sirrin haɗa baba da toka ya bi shi kushewa.