Watanni shidan tarin fuka a ƙauyukan Abaji

Duk wanda aka gwada kakinsa a Babban Asibitin Abaji aka ce tarin fuka ne, tambayar farko da danginsa ke yi ita ce: kwana nawa za a riƙe shi? Yawanci ba a riƙe shi ko kwana ɗaya. Gado na wanda ya galabaita ne, ko mai aman jini, ko wanda cutar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko ta haɗu da ƙanjamau ta kayar da shi. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1950 wani bincike a birnin Madras na Indiya ya nuna cewa mai shan magani a gida yana warkewa kamar na kwance a asibiti.

Jinyar dai tana nan da tsawonta, gida ta koma. Wata biyu ana haɗiyar magunguna huɗu kullum, sannan wata huɗu ana shan biyu, wata shida ke nan cif. In ta kama ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa, shekara guda. Gwaji da magani kyauta ne, amma ɗan acaɓa ba ya ɗaukar kowa kyauta, kuma a nan gizo ke saƙar.

A ɗauki manomi daga Gurdi ko Yaba ko Gawu. Ya sha magani wata biyu, tari ya lafa, zufar dare ta ɗauke, abinci ya fara shiga. Ga damina ta kankama, ga doya na jiran noma, hanya ta caɓe, kuɗin zuwa karɓar magani ya fi ƙarfin aljihunsa. Me zai kai shi? Ai shi a ganinsa ya warke. Ƙwayar cutar kuwa laɓewa ta yi. In ta dawo tana iya dawowa da taurin kai, irin wadda ba ta jin maganin farko. A da, mai irin wannan sai ya kai wata ashirin yana jinya, har da watanni na allura mai kurumtar da wasu, galibi a cibiyoyi masu nisa irin ta Saye a Zariya. Sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida ga yawancinsu, ba allura.

Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, don haka taron ranar tarin fuka na 24 ga Maris da rabon riguna bai wadatar ba. Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Abaji da sashen lafiya na Babban Birnin Tarayya su tabbata kowace ɗaya daga mazaɓun Abaji goma tana da wurin karɓar magani da ba ya yankewa, a kuma ba ma'aikaci babur da mai, ya bi sawun duk wanda aka daina gani. Limamai da masu unguwanni su ma su daina bari ana ware wa mara lafiya kwano har wata shida, tunda bayan 'yan makonni da fara shan magani daidai, da wuya ya harbi wani. Wanda ake ƙyama a gida shi ne ke ɓoye katin asibitinsa, ya ƙi komawa asibiti a wata na uku.