Wa ya taɓa manhajar bankin? Tambayar da masu POS a Gummi ke da haƙƙin jin amsarta

Idan tiransifa ta maƙale a rumfar mai POS a Gummi, ko a Anka, ko a Bukkuyum, kalma ɗaya ake ji: netwok. An cire kuɗin manomi, alat bai shigo wa mai POS ba, sai jayayya ta kaure tsakanin mutum biyu da babu wanda ya yi laifi a cikinsu. Zuwa Gusau ko Sakkwato neman bayani kuwa, da yadda hanyoyin yammacin Zamfara suke, kasada ce da rai.

Wani lokacin netwok ɗin ne da gaske. Amma wani lokacin wani ne ya sauya rubutun manhajar da ke can cikin manyan kwamfutocin banki, sauyin bai zauna daidai ba.

Manyan bankunan duniya da dama har yanzu suna ajiye asusun jama'a a kan irin babbar kwamfutar IBM da ake kira menfirem, da manhajojin da aka rubuta da COBOL, harshen da ya samo asali tun 1959. A can, taɓa layi ɗaya na manhaja yana da ƙa'ida. Manhajoji irin su Endevor da ChangeMan, da kuma Git a yanzu, suna rubuta wanda ya yi sauyin, da lokacin, da layin da ya cire da wanda ya saka, da wanda ya amince kafin a ɗora shi kan asusun mutane. Amfanin wannan rajista biyu ne: a iya komawa tsohon rubutu idan sabon ya ɓaci, a kuma san inda laifi yake.

A watan Yunin 2012, gyaran da bankin RBS na Birtaniya ya yi wa manhajar da ke tsara lissafin dare ya tsayar da hada-hadar mutane sama da miliyan 6.5. Abokan cinikin Ulster Bank, reshensa, sun yi makonni suna fama. A 2014 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 56, suka kuma wallafa abin da ya faru.

Labarin da ya fi dacewa da mai POS shi ne na gidan wayar Birtaniya. Manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta riƙa nuna gibin kuɗi a ƙananan rassa, aka gurfanar da masu kula da rassan sama da 900 tsakanin 1999 da 2015, wasu suka tafi kurkuku. Sai a 2019 kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, kuma ma'aikatan kamfanin na iya sauya lissafin reshe daga nesa. Shekara da shekaru ana gaskata kwamfuta ana ƙaryata ƙaramin ɗan kasuwa, saboda bayanan abin da aka taɓa suna hannun masu manhajar kaɗai.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A 2024 Sterling da Zenith da GTBank sun sauya manhajar da ke riƙe asusunsu, jama'a suka kwana da kwana kuɗinsu na rataye. Ba duka bankunan nan ke amfani da menfirem ba, amma buƙatar ɗaya ce. Abin da aka ba abokan ciniki galibi saƙon ban haƙuri ne.

Masu banki za su ce bayyana irin wannan bayani buɗe wa 'yan damfara ƙofa ne. Da gaskiyarsu idan rubutun manhajar ake nema. Mai POS kuwa ba ya buƙatar ganin layin COBOL ko ɗaya. Takarda yake so da za ta ce an yi sauyi ranar kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ya shafi tiransifa irin kaza, don ya nuna wa wanda ya riƙe masa riga a kasuwa.

Ya kamata Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna da kamfanonin POS da NIBSS ajiye rajistar sauye-sauye da mai bincike na waje zai iya dubawa, da kuma fitar da taƙaitaccen rahoto bayan kowace tangarɗa, har da Hausa, ta saƙon tes, tunda a ƙauyukan Bukkuyum ba kowa ke da wayar da za ta buɗe shafin banki ba.