Tallafin korona: mai kontar ya samu, mai hauya fa?

Yau maganar kuɗin korona za mu taso, ko da wasu za su ce ta wuce. Ba ta wuce ba, tunda har yanzu ba a yi mana lissafi ba.

Ku tuna, ranar 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar a Nijar. Ranar 27 ga wata shugaba Issoufou Mahamadou ya yi jawabi: dokar hana fitar dare a Yamai, killace birnin, sannan gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi faktir ɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu. Madalla. To amma faktir sai mai kontar. Manomin da ke ban-ruwa a kwarin Gidigir, ko mai gero a tudun Kelle, wace NIGELEC ya sani? Wutarsa tocila ce, ruwansa na rijiya.

Daga baya aka ware miliyar 150 na bashi ta hannun bankuna: 100 ga manyan kamfanoni, 50 ga ƙanana da matsakaita. Sai ka kai dosiye, da takardun haraji, da jingina. Wai mai rogo da dabino da kanwa a kwari shi ne zai haɗa dosiye! Wanda ya tsara abin nan da ƴan kasuwar Yamai a ransa ya tsara shi.

Alhali nan ne bugun ya fi zafi. Tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, korona ta zo ta ƙara kulle. Dabbobin Subdu, waken Bune, kanwarmu, ina suke zuwa in ba kudu ba? Dillali bai zo ba, rago ya faɗi, naira ta karye, ɗan da ke aiko da kuɗi daga Kano ko Libiya shi ma yana zaune. Mutum ya sayar da akuya biyu don abin da ɗaya take saya masa da. Kuma damina ba ta jiran kowa: irin da aka ci a watan azumi, ba shi za a shuka ba.

Za a ce mini an sayar da hatsin OPVN da rahusa, an raba kyauta, kuma shirin Wadata Talaka, da kuɗin Bankin Duniya, ya ba magidanta jika 45 sau ɗaya. Gaskiya ne, kuma wanda ya karɓa ya ji daɗi. Sai dai wannan agajin ciki ne, na a kwana a tashi. Mai kamfani an ba shi jari don ya ci gaba da sana'a, manomi an ba shi tiya don kada ya mutu. Gona ba sana'a ba ce?

Abin da muke nema ba shi da tsada. Kominonin Gure, Gidigir, Bune, Kelle, Gamu da Alakos, kowace ta fito da lis: ƙauyuka nawa, gidaje nawa, buhu nawa, wa ya zaɓi sunayen. A liƙa a ƙofar meri, a kawo mana rediyo mu karanta da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Masu riƙe da kominonin nan, makirfo a buɗe yake. Ku kuma na ƙauye, ku rubuto mana abin da ya iso garinku a 2020, ko jika ce ko tiya.