Sarewar Ɗan Sandan Shikago

Jama'a, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Ailan, ƙasar masu harshen Gailik, wadda yunwa ta tarwatsa. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta halaka dankalin da talakawa ke dogara da shi. Wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsallake teku. Ƙaura ba ta tsaya ba ko bayan yunwar. In saurayi zai tafi Amurka, akan kwana ana kiɗa da kuka tamkar zaman makoki, domin an san da wuya a sake ganinsa.

A tsakiyar wannan masifa aka haifi Francis O'Neill, a 1848, a gundumar Cork. Wani manomi maƙwabcinsu ya koya masa busa sarewar katako. Yana ɗan shekara 16 ya bi jirgin ruwa, ya sha yawon duniya, har jirginsu ya taɓa tarwatsewa a tekun Fasifik. Daga bisani ya yada zango a Shikago, ya shiga aikin ɗan sanda a 1873, ya zama shugaban 'yan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905.

To, ga abin mamaki. Mutumin nan bai ƙware a rubuta kiɗa ba, a ka yake riƙe da komai. Sai ya riƙa busa wa wani saje, James O'Neill, shi kuwa yana rubutawa. In ya ji labarin wani baƙo mai busa ko mai goge ya sauka, sai ya neme shi, wani lokaci ma ya sama masa kakin ɗan sanda don kada ya bar gari. Ko wannan ya dace da ƙa'idar ɗaukar ma'aikata, na bar wa mai karatu. A 1903 ya buga littafi mai ɗauke da kiɗa 1,850, a 1907 ya ƙara wani mai 1,001.

A ganina, kewar gida ce ta sa shi wannan wahala, domin wanda ke zaune a gida ba ya tsoron mantuwa. Da ya ziyarci Ailan a 1906, ya tarar kiɗan ya ja baya ƙwarai a ƙauyuka. Littattafan da aka haɗa a Shikago su ne suka koma gida, 'ya'yan waɗanda ba su yi ƙaura ba suka riƙa koyon busar kakanninsu daga ciki. Shi kam a Shikago ya rasu, a 1936.