Wuƙar aljihu mai matsakaicin kuɗi: Me ya kamata mai saye ya samu?

A kasuwannin ƙasar nan, wanda ya fi cutuwa shi ne mai sayen kaya masu matsakaicin kuɗi. Mai sayen na araha ya san abin da ya saya, domin araha ba ta ado. Mai sayen na tsada kuwa yana da sunan kamfani da takardar garanti da zai kama. Na tsakiyar shi ne ke ƙara kuɗi saboda alkawarin nagarta, kuma sau da yawa babu mai cika masa alkawarin. Wuƙar aljihu mai naɗewa ƙaramin misali ce, amma tana nuna al'amarin ƙarara.

A Fadan Kagoma, da ke ƙaramar hukumar Jema'a tsakanin Kwoi da Kafanchan, wuƙa kayan aiki ce kamar fartanya. Yankin ƙasar citta ne, kuma da wuƙa ake tsaga citta biyu kafin a shanya ta. Wadda ake naɗewa a jefa aljihu ita ce ta yanke igiyar buhu, da fere rake, da gyaran ƙotar lauje a gona. Manomin da annobar citta ta 2023 ta cinye wa jari ba shi da rarar da zai riƙa sayen wuƙa sau uku a kaka ɗaya.

To, me ya dace ya samu? Abu na farko, idan an buɗe wuƙar kada ruwanta ya yi girgiɗi hagu da dama. Girgiɗin alama ce ta ramin ƙusar da ya fi ƙusar faɗi, kuma aiki ƙara shi yake yi. Sai makulli, wanda shi ne babba: wuƙar da ke rufewa da kanta idan an danna ta kan itace, a kan yatsun mai ita take rufewa. Idan an naɗe ta, ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota ba tare da gogar gefe ba, tsinin kuma ya ɓuya sarai, kada ya leƙo ya huda aljihu ko cinya. Wasin bakin ya zama daidai ta fuska biyu. Kawunan ƙusoshi su lafe, kada su ci tafin hannu. Duk wannan ba ya buƙatar ƙarfe mai tsada, natsuwar mai haɗawa da idon mai dubawa kawai yake buƙata.

Sheƙi kuwa ba ya cikin lissafi. Baƙin ƙarfe yana tsatsa idan an bar shi da laima, amma yana ɗaukar kaifi a kan dutse cikin sauƙi, kuma ya fi amfani ga manomi a kan mai ƙyalli da ke dakushewa kafin azahar. Abin takaici, ƙyallin ne ake sayar mana.

An daɗe da tabbatar da cewa wuƙar talaka tana iya yin kyau. Joseph Opinel ya fara ƙera tasa a Faransa a 1890 da ƙotar itace, a 1955 aka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan, har yau kuma kuɗinta bai fi ƙarfin ma'aikaci a can ba. Okapi, da aka soma yi a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, ta koma Afirka ta Kudu a 1988. Wani abin da ke ci mini rai shi ne, ƙauyen Nok yana nan kusa da Kwoi, kuma a Taruga, ba nisa da Abuja, an tono matoyan narka tama na fiye da shekara 2,000. Jikokin maƙwabtan waɗannan maƙera ne ke sayen jabu a yau.

A nan ne zancen ya shafi mai zaune a ofis a Abuja. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, dokarta ta 2015 kuma ta ba ta ikon kama marasa inganci. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Ɗan tireda a Kafanchan bai san da ita ba, mai sayen ma haka.

Sannan akwai kwangila. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta fifita mafi ƙarancin farashi ne a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka rubuta. Idan jami'in da ke tsara tallafin kayan noma ya rubuta sunan kaya da adadi kawai, ya buɗe wa tarkace ƙofa da hannunsa, kuma ɗan kwangilar bai karya doka ba. Layi huɗu sun isa: irin ƙarfen, taurinsa, kaurin ruwan, da gwajin makulli a kan samfurin da za a zaɓa daga cikin kwalayen da aka kawo, kafin a sa hannu a takardar biya.