Mata a Gidan Kaso: Ƙwaya Ba Ankwa Ba Ce

A ƙauyukan Gabi, cikin gundumar Madarunfa, macen da hankalinta ya gushe bayan haihuwa akan ce iska ce ta taɓa ta, sai a dukufa wajen rubutu da turare. Idan tsautsayi ya sa jaririn ya salwanta a hannunta, jandarma ke zuwa kafin likita, daga nan sai gidan kaso. Alhali kuwa ciwo ne sananne, wanda ke kama mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 da suka haihu, kuma yana da magani.

Maganin ba baƙo ba ne. Tun 1952 likitoci a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris suka soma ba masu taɓin hankali Largactil. A 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam. Dukansu suna da araha. To amma wuƙa ce mai kaifi biyu. Suna sa rawar hannu, da sandarewar jiki, da dalalar miyau. Ga mace kuma, sukan ɗauke haila, su kawo ruwan nono, har a zarge ta da cikin da ba ta da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a kurkuku shiru ake so. Macen da ke kwana tana kuka saboda an raba ta da ƴaƴanta, baƙin ciki ne ke cin ta. A ɗura mata ƙwaya don masu gadi su samu barci, ankwa ce aka sa mata wadda ido ba ya gani. A hana mai ciwon gaske maganinta kuwa, hukunci ne na biyu da alƙali bai yanke ba.

Ƙa'idojin Bangkok, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010, sun tanadi a duba lafiyar hankalin kowace mace lokacin shigarta kurkuku. Nijar ma ta kafa dokar gidajen kaso a 2017. Takarda dai ba ta duba maras lafiya.

Wajibi ne ma'aikatun shari'a da na kiwon lafiya su tabbatar cewa ma'aikacin lafiya kaɗai ke rubuta waɗannan magunguna, da rajista, da sake dubawa a kai a kai. Ranar sallama kuma a haɗa matar da takarda zuwa ɗakin shan magani mafi kusa da ƙauyenta, domin yanke magani kwatsam kan dawo da ciwo. In ba haka ba, ƙofar da ta fita ita za ta sake karɓarta.