Ra'ayinmu: Bayan Wuƙa, Sai Alƙalami

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa mun ga ya kamata mu ɗan jingine maganar kuɗin makaranta da ƙarancin ɗakunan kwana, mu juya ga wata magana da ba a cika jin ta a bakinmu ba, alhali kuwa ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Maganar ita ce ta binciken da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska ke yi a kan majiyyata, da rabon da ya kamata jami'o'inmu su ɗauka a cikinsa. Kada mai karatun Hausa ko lissafi ko shari'a ya ce babu ruwansa. In ya yi haƙuri har ƙarshe, zai ga inda ruwansa yake.

Akwai wata cuta da ake kira zaizayar baki, wadda likitoci ke ce wa noma. Wannan suna daga Girkanci ya fito, ma'anarsa cinyewa, ba shi da wata dangantaka da noman gona. Yara ƙanana take kamawa, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga lokacin yaye zuwa gaba kaɗan. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya mutu ya yi baƙi ya zube, ya bar rami a fuska. Wani yaron ta cinye masa leɓe, wani hanci, wani har ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 ba su tashi. Abin takaicin shi ne, a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon yaro yakan tsage ne ta hanyar tamowa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da rashin tsabtar baki. Turai ma ta sha fama da wannan cuta a da, ta ɓace musu da abinci ya wadata, sannan ta sake ɓullowa a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yunwa ta yi katutu. Saboda haka ba ta san launin fata ba, talauci kawai ta sani. Tunda kuwa ƙasar Hausa, daga Sakkwato har Damagaram, tana cikin wuraren da cutar ta fi yawa, lalle bincikenta nauyi ne a wuyanmu.

Ba mu ce ba a yi kome ba. A 1966 likita Michael Tempest ya buga bayanin majiyyata 250 da aka gani a Ibadan. A 1983 Farfesa Adekeye na sashen tiyatar muƙamuƙi da fuska na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, tare da abokin aikinsa Ord, sun rubuta ƙa'idojin jiyya da gyaran fuskar waɗanda cutar ta ci. Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya da ya yi aiki a Amurka, ya share shekaru yana bin diddigin dangantakarta da tamowa. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu zaizayar baki a Sakkwato, kuma tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shiga tallafa masa. Waɗannan duk sun cancanci yabo. Amma bari mu dubi abin da ya rage.

Na farko, ƙidaya. Alƙaluman da aka fi ambata, wato sababbin kamu 140,000 a duniya kowace shekara, ƙiyasi ne na 1998. Da masu bincike suka so sanin yawan cutar a arewa maso yammacin Nijeriya, sai da suka yi dabara: suka kwatanta yawan masu zaizayar baki da ke zuwa asibitin Sakkwato da yawan yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, waɗanda an riga an san adadinsu cikin haihuwa. Da haka a 2003 suka fitar da ƙiyasin yara kamar 6 cikin kowane 1000. Dabara ce mai kyau, amma tana nuna mana cewa babu rajista. Yaron da ya rasu a ƙauye cikin mako biyu ba ya shiga littafin kowa, wanda ya rayu kuma sau da yawa ɓoye shi ake yi a bayan ɗaki saboda kunya.

Na biyu, sanadi. An daɗe ana zargin wata ƙwayar cuta da ake samu a jikin dabbobi, ganin yadda yara ke kwana kusa da awaki da tumaki. Sai wasu masu bincike daga Jeniba suka zauna a Damagaram daga 2001 zuwa 2006, suka auna yara 82 masu cutar, suka gwada su da yara 327 da ba su da ita. Sakamakon da suka buga a 2013 bai tabbatar da wancan zargi ba. Abin da ya fito fili shi ne tamowa mai tsanani, da rashin lafiya a watannin baya kamar gudawa ko zazzaɓi ko ciwon ƙirji, da yawan haihuwar da uwa ta yi, da kuma rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a baki tun asali. Kun ga amfanin bincike ke nan: yakan rushe abin da aka ɗauka gaskiya ne, don kada a yi ta zuba kuɗi a inda ba magani.

Na uku, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami, shi ne abin da ke faruwa bayan tiyata. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, tabo yakan ɗaure musu muƙamuƙi har baki ya ƙi buɗuwa, sai dai su tura abinci ta ramin kunci ko ta giɓin haƙori. Likita yakan yanke tabon, ya buɗe baki, ya ɗebo fata da nama daga wani sashe na jiki ya rufe ramin. Ranar sallama kowa na murna, a ɗauki hoto, yaro ya koma gida. To, bayan shekara uku fa? A 2010 aka buga wani bincike inda aka bi majiyyata 36 da aka yi wa wannan aiki a Sakkwato har garuruwansu, shekaru bayan tiyata. Aka tarar ƙasa da rabinsu ne bakinsu ya ci gaba da buɗuwa fiye da da. Ba don an bi sawunsu ba, da har yanzu hoton ranar sallama ake nunawa a matsayin nasara. Wannan bincike bai rage darajar likitocin ba ko kaɗan. Ya nuna musu ne cewa sai an daɗe ana motsa muƙamuƙi bayan aiki, sai kuma an sake duban hanyoyin yin aikin kansa. Likitan da ya yanka bai rubuta ba, bai kuma koma ya duba ba, kamar manomi ne da ya yi shuka bai taɓa komawa gona ba, amma yana ba mutane labarin amfanin da ya samu.

Wani zai ce bincike sai da miliyoyi da manyan na'urori, mu kuwa ba mu da su. Muna tuna masa da Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala ta ƙasar Yuganda. Kumburin muƙamuƙi ya riƙa gani a fuskokin yara, ya tattara bayanansu ya buga a 1958. Ya aika takardun tambaya ta gidan waya zuwa asibitocin Afirka, sannan a 1961 shi da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan 10,000 suna tambaya asibiti asibiti. Taswirar da ya zana ta nuna cewa ciwon yana bin wuraren zafi da damshi, inda sauro ya fi yawa. Daga naman da ya aika Landan ne aka gano, a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Jarinsa na farko ido ne da littafi da naci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfinmu.

Ga kuma inda ruwan sauran ɗalibai yake. Uwa a ƙauye ba ta san kalmar noma da ma'anar cuta ba. Wata ciwon iska za ta ce, wata ciwon daji, kuma sunan da ta ba cutar shi zai nuna mata ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa, ta mai maganin gargajiya ko ta asibiti. Wa ya fi ɗalibin harshe dacewa da tattara waɗannan sunaye gari gari? Wa ya fi ɗalibin lissafi dacewa da tsara ƙidaya? Wa zai zana taswirar ƙauyukan in ba ɗalibin labarin ƙasa ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙon likita yakan zo na mako biyu ya koma, mu kuwa kowane hutu can muke komawa, mun san mai unguwa, mun san ungozoma, mun san wanzami.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ba ma sassautawa a kansa. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200, da shari'ar da ta biyo baya a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta a 2009. Rashin yardar da wannan ya haifar ya daɗe yana bin aikin lafiya a Arewa. Don haka duk binciken da za a yi, a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji, a gaya musu suna da ikon ƙi ba tare da an hana ɗansu magani ba, kuma kada a ɗauki hoton fuskar yaro a baza shi don neman taimako ba da izini ba. Talauci bai cire wa kowa mutunci ba. Nan ɗaliban shari'a ke da abin cewa.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa zaizayar baki cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Ƙofa ta buɗe ke nan. Muna kira ga asibitocin koyarwa da su buɗe rajista guda ta bai ɗaya, wadda za a rubuta kowane majiyyaci da garinsu da irin aikin da aka yi masa, a kuma ware kuɗin mota na bin sawunsa bayan shekara ɗaya da uku da biyar. Muna kira ga hukumomin jami'o'i da su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri, su kuma matsa a buga sakamako ko da bai yi daɗi ba, a fassara shi da Hausa a mayar wa mutanen da aka yi binciken a kansu. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, in kun je gida hutu, ku buɗe bakin ƙannenku ku duba dasashinsu. In kun ga jini da wari da kumburi, kada ku bari a kwana, ku kai su asibiti.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Akwai yara a garuruwanmu da suka rufe tasu da mayafi, sun bar makaranta, sun bar dandali. Wuƙar likita tana iya mayar musu da fuska, alƙalamin mai bincike kuma shi zai tabbatar aikin ya ɗore, ya kuma hana na bayansu shiga wannan hali. Da kuɗin iyayen waɗannan yara aka gina jami'ar da muke ciki, saboda haka bashi ne a kanmu. Allah Ya ba mu ikon biya, amin.